Rasuwar 'Yar Ƙugiyar Tela Sau-Ɗaya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da fuskar da ta kasa ɗagowa ta dubi jama'a, telan nan na bakin kwana wanda kuka fi sani da Sau-Ɗaya yake sanar da 'yan uwa da abokan sana'a, da duk wanda ya taɓa sa rigar da ta fito daga shagonsa, rasuwar abokiyar aikinsa, 'yar ƙugiyar farke ɗinki. Ta rasu ranar Talata da tsakar rana, a hannunsa, bayan doguwar jinyar da aka ɓoye wa kowa.

Mun san abin da za ku ce. Za ku ce wace ƙugiya kuma? Yaushe Sau-Ɗaya ya mallaki abin farke ɗinki? To, ku yi haƙuri ku zauna. Marigayiya ta riga teburin yanka zuwa shagon nan, kuma yau ce rana ta farko da maigidanta ya yarda a gaban mutane cewa ya santa. Ba don ransa ya so ya yarda ba. Yana da 'ya, Auta, wadda take shirin barin ɗinki har abada saboda wata magana da ya gaya mata, kuma in bai buɗe baki yanzu ba, shi ke nan, ta bari.

Ga waɗanda ba su taɓa ganin marigayiya ba, wato kusan kowa, 'yar ƙarama ce, da kaɗan ta fi ɗan yatsa tsawo. Mariƙinta na roba ne shuɗi. Kanta na ƙarfe ne mai baki biyu, ɗaya dogo mai tsini, ɗaya gajere da ɗan jan ƙwallo a ƙarshensa, kaifinta kuma yana cikin lanƙwasar da ke tsakaninsu. Ba sayenta ya yi ba. A durowar keken ɗinkinsa na farko ya tsince ta, tana kwance cikin ƙura da tsofaffin maɓallai, ya juya ta ya ce me zan yi da wannan. Kafin sati ya zagayo ya gane abin da zai yi da ita.

Sunan Sau-Ɗaya kuwa bakinsa ne ya jawo masa. Yana saurayi wani ya yaba wata riga da ya ɗinka, kai ya kumbura, ya bugi ƙirji ya ce shi sau ɗaya yake ɗinki, allurarsa ba ta bin hanya sau biyu. Maganar samartaka ce wadda ya kamata iska ta kwashe. Ina! Sai ta zauna. Mutane suka riƙa tsallake shagunan teloli suna kawo masa yadi, suna nuna shi da baki suna cewa ga mutumin da bai san warwara ba. Sunan ya yi masa daɗi, ya ci gaba da ciyar da shi, alhali kuwa shi ma tela ne kamar kowane tela. Ya sha ɗinka aljihu a juye. Ya sha karkatar da wuyan riga. Akwai ranar da ya haɗe ƙafafun wando wuri guda, ya ɗaga ya ga ya ɗinka buhu.

A nan ne halin marigayiya ya bayyana. Kullum da tsakar rana yakan ja ƙofar shago ya ce zai ɗan miƙe bayansa. Babu bayan da ake miƙewa. Da zarar sakata ta faɗa sai ya zaro ta daga aljihu, su duƙufa. In yadi mai laushi ne, takan bi ɗinkin a hankali, ta cusa dogon bakinta ƙarƙashin zare ta tsinke, ta tsallake kaɗan ta sake tsinkewa, ƙit, ƙit, ƙit, har ƙarshen layi. Daga nan sai ya juya bayan yadin ya ja zaren ƙasa, ya taho gaba ɗaya ba gardama. In kuwa yadi mai ƙarfi ne kuma mai kaya yana hanya, sai ya kifa ta, jan ƙwallon ya shige cikin ɗinkin yana buɗe mata hanya, ta zarce a guje, tarrr, daga kafaɗa har ƙugu, ba tare da ta lashi yadin ba. Wannan tarrr ɗin, in ji shi, bai taɓa jin muryar da ta kai ta sanyaya zuciya ba. In ta gama nata, sai ya murje ramukan allura da farce, ya yayyafa ruwa, ya danna dutsen guga, ya sake ɗinkawa. Ya buɗe ƙofa yana hamma, wai daga barci ya tashi.

Marigayiya ba ta taɓa gori ba. Ba ta taɓa cewa jiya ma haka ka yi ba. Ta san kowace ɓarnarsa, ta binne su duka a cikinta. A sakamakon wannan hidima me ta samu? Almakashi yana da ƙusarsa a bango inda ake rataye shi kowa ya gani. Tef ɗin awo a wuyan maigida yake yini, har hoto an ɗauke su tare. Ita kuwa aljihun wando ne gidanta, tare da guntayen zaren da take tsinkewa, don ko su ba ya yarda su faɗi ƙasa, kada mai shara ya gani ya yi tambaya. Mai ɗakinsa ce kaɗai ta gano, saboda ita ke yi masa wanki. Ba ta taɓa tona shi ba, sai dai in ta zazzage aljihun ta ce, “Malam, yau ma aljihun naka ya yi gemu.” Shi kuma ya yi kamar da wani ake.

Ta rasu ta bar keken ɗinki, wanda shi ne ke tafka ɓarnar da take gyarawa, kuma tun ranar bai ce uffan ba. Ta bar almakashi da tef da alli, da allurai masu yawa waɗanda duk ta bi sawunsu. Ta bar 'yar uwarta ta nesa, reza, wadda sauran teloli ke farke ɗinki da ita a fili ba kunya, amma aka hana ta shiga shagon nan sai don aske gemu. Ta kuma bar wadda ya kamata a ce sun shaƙu tun da daɗewa, amma ba su taɓa haɗuwa ba sai ranar rasuwa, wato Auta.

Auta a gindin keken nan ta girma. In ta taso daga makaranta nan take yada zango, kuma tun ba ta kai ko'ina ba aka ga hannunta. Ido gare ta na yanka, ta kalli mutum sau guda ta san inda rigarsa za ta matse shi. Uban yana gani yana jin daɗi a ransa, bai dai faɗa ba. Wata rana ya shigo da wani mai kaya, suka tarar da ita ta samo reza tana farke kalmasar siket da ta karkace mata. Mai kayan ya yi dariya ya ce, “A'a, ashe a gidan Sau-Ɗaya ma ana warwara?” Dariyar nan ce ta hau masa kai. Ya fizge rezar ya jefar waje, ya ce, “A shagon nan ba a ɗinki biyu. Tela na gaske tun kafin allura ta sauka ya san inda za ta faɗa. In hannunki bai san hanya ba, ki tashi ki ba mutane wuri.” Wallahi lokacin da yake wannan magana marigayiya tana cikin aljihunsa, tsininta yana sukar cinyarsa, ko hutawa ba ta yi ba daga aikin ranar.

Yarinya ba ta yi kuka ba, ta ce to, Baba. Daga ranar ba a sake ganinta tana farke komai ba. Amma hannun nan mai sauri ya mutu. Sai ta zauna ta ƙura wa allura ido, gumi yana tsattsafo mata, ta kasa taka keke. Da ta yi aure ya ba ta keke sabo, yana jiran ya ji unguwarsu ta ɗauka da sunanta. Shiru. Aiki ma da ƙyar take karɓa. In an tambaye shi sai ya ce ai yaran yanzu ba su da haƙurin sana'a. Ya san ƙarya yake yi. Sau nawa yana zaune bayan sakata, marigayiya tana ƙit, ƙit a hannunsa, yana ce wa kansa gobe zan kira yarinyar nan in nuna mata. In goben ta zo sai wani ya leƙo ya ce sannu da aiki Sau-Ɗaya, shi ke nan maganar ta sake kwanciya.

Ciwon ajalin marigayiya dakushewa ce. A hankali ya fara. Muryarta ta canza, ƙit ɗin nan mai tsabta ya koma tuƙ, tuƙ, tana jan zare maimakon ta yanke shi. Tarrr kuwa ya ɗauke gaba ɗaya. Magani yana nan kusa. Mai wasa wuƙa yana wucewa ta ƙofar shagon kusan kullum, har almakashi yake ba shi, amma ina bakin da zai ce ga wannan ma? Sababbi irinta suna nan cike da kwalba a shagon mai sayar da zare, tsallaken titi kawai. Sai dai mai zare Allah ya hore masa baki, abin da ya gani da safe kafin rana ta yi tsaka ya gama zaga kasuwa. Sau-Ɗaya ya taɓa ƙarfin hali ya je, ya tsaya gaban kwalbar yana kallonsu, mai zare ya ce me za a ba ka, sai ya ji bakinsa ya ce maɓalli. Ya dawo da maɓallan da ba ya bukata. Jinyar gida ya ci gaba da yi mata, yana yanko siririn samfefa yana goga mata a lanƙwasa, ta ɗan farfaɗo kwana biyu ta sake komawa. Likita bai taɓa ganinta ba, saboda mai jinyar ya fi jin tsoron a gan shi da ita a kan ta mutu.

Ranar Talata aiki ya faɗo mata wanda ko tana da ƙuruciya sai ta yi gumi. Kwat ce ta wani malamin makaranta, yadi mai kauri, ga shafi, ga auduga a kafaɗa. Sau-Ɗaya ya ɗauki hannun hagu ya dasa a kafaɗar dama. Kuma da yake shi mai son a yaba ne, ɗinkinsa ƙanana ne a matse, ya bi ya sake bi don ƙarfi, irin ɗinkin da ya fi kowane wuyar farkewa. Sai da ya rataye kwat ɗin ya ga hannun yana nuna baya. Ya ja ƙofar gaba ya danna sakata, ya manta ta baya a buɗe take.

Sun kai rabi, tana tuƙ, tuƙ da ƙyar, sai ya ji sallama a bayansa. Muryar Auta ce. Ya yi sauri zai ɓoye marigayiya. Maimakon ya zare ta a hankali, sai ya danna ta da ƙarfi yana murɗawa, daidai inda yadi ya taru a ƙarƙashin hammata. Maganarta ta ƙarshe gajeriya ce. Ƙas.

Dogon bakin ya tsaya cikin kwat. Jan ƙwallon ya yi tsalle ya gangara ƙarƙashin kabad. Mariƙin ya suɓuce daga hannunsa ya faɗi a gaban Auta, wadda ke tsaye rungume da kan kekenta, an naɗe shi da tsohon zane. Ta ajiye keken a kan tebur, ta sunkuya ta ɗauki mariƙin. Ta juya shi. Shuɗin ya koɗe ya zama fari a gefe guda, robar ta lotsa daidai inda babban yatsa ke zama. Ta sa nata yatsan a wurin, ya nutse.

Ta ce, “Baba, wannan ta wace ce?”

Ƙarya ta zo masa har bakin leɓe, zai ce wani ne ya manta da ita. Amma ga kwat a cinyarsa da hannu yana reto, ga guntayen zare a ƙirjinsa har cikin gemu. Ya ce, “Tawa ce.”

“Tun yaushe?”

“Tun kafin a haife ki.”

Ta daɗe tana kallonsa. Shi kuwa ƙafar keke yake kallo, yana jin da ƙasa za ta tsage da ya gode mata. Can ta ce, a hankali, “Dama keken na dawo maka da shi. Ka ba wanda hannunsa ya san hanya.” Ta juya ta fita da gawar a dunƙule cikin hannunta.

Da zagi ta yi masa da ya fi sauƙi. Nan ya zauna, bai buɗe ƙofar gaba ba, masu kaya suka yi ta bugu suka gaji. Sai da mai ɗakinsa ta biyo sawu ta tarar da shi a haka. Ya ba ta labari yana haɗiye rabi. Ba ta tausaya masa ko kaɗan ba, ta ce, “Ai gara da ta karye. Ni ma na gaji da tsince maka aljihu. Gobe ka wanke ƙafa ka bi 'yarka.”

Ya bi ta. A hanya ya shirya abin da zai faɗa, wai ya zo karɓar gawa ne don a yi mata sutura, ko a yi dariya maganar ta yi sauƙi. Auta ta shimfiɗa masa tabarma, ta kawo ruwa, ta durƙusa ta gaishe shi kamar yadda ta saba, ta tambayi Mama. Ladabin nan ya fi mari zafi. Da ya yi maganar gawa ko murmushi ba ta yi ba. Ta shiga ɗaki, ya ji tana jan wani abu daga ƙarƙashin gado, ta fito da buhu ta zazzage a gabansa.

Riguna ne da siket da wandunan yara, duk sababbi, ba a taɓa sa ko ɗaya ba. Ya ɗauki wata riga ya duba da idon tela. Yanka tsaf, kafaɗa ta zauna, zif ne kawai ya ɗan hau. Ya ɗauki wata, aljihu ne ya fi ɗan uwansa sauka. A ƙasan tulin akwai ɗan bargo na haɗe-haɗen ƙyalle da ta fara yi wa ɗanta tun yana ciki, layi guda ne ya goce, yaron kuwa yanzu har ya fara gudu. Babu guda a ciki da marigayiya ba za ta gyara ba kafin shayi ya huce.

Auta ta ce, “Duk wanda na ɓata, nan nake cusa shi. In ce wa mai shi guga ce ta ƙona, in nemo masa wani yadin in kai wa wata ta ɗinka. Na ɗauka ni kaɗai ce, Baba. Na ɗauka ni ce ban gaje ka ba.”

Da ƙyar ya ce, “Auta, ba ranar da ta fito ta faɗi ban farke ɗinki ba. Hannunki ya fi nawa tun kina yarinya, na sani na yi shiru. Ki yafe mini.” Ta shiga mayar da kayan cikin buhu ɗaya bayan ɗaya, sannan ta ce, “Zan kawo maka gawar. Amma da buhun nan zan zo. Kuma ba a bayan sakata ba.”

Saboda haka ga yadda aka tsara jana'iza.

Za a yi ta ranar Asabar da hantsi a ƙofar shago, ƙofa a wangale, benci a waje. Da farko za a ciro ragowar gawar daga hammatar kwat, kuma ana roƙon malamin makaranta ya yi haƙuri ya zo ya ga inda hannun kwat ɗinsa ya kwana. Jan ƙwallon har yanzu ba a gan shi ba, ana neman masu ƙarfi biyu su taimaka a ja kabad. Za a naɗe marigayiya da ƙyallen shafi fari, a sa ta cikin kwalin ashana, a binne ta a gindin bangon shagon ta waje, inda kowa ke wucewa. An gayyaci mai zare musamman, an ce ya taho da sabuwa guda daga cikin kwalbar nan, kuma ya gaya wa duk wanda ya ga dama.

Ba za a yi zaman makoki hannu sake ba. Da an gama binnewa za a kwance bakin buhu. Reza ce za ta fara jagorantar aiki don a ba ta haƙuri, kuma kowa ya san farke ɗinki da reza aikin mutum biyu ne, ɗaya ya ja yadin ya buɗe bakin ɗinki, ɗaya ya taɓa zaren da kaifi. Auta ce za ta riƙe, ubanta zai yanka, a gaban duk wanda ya zo, har sai an ga gindin buhun. Mai son dariya ya yi abarsa, mai rashin ya ce ya cancanta. Abu guda yake roƙo, kada kowa ya tsaya a kan yarinyar yana ba ta shawara.

Masu zuwa ta'aziyya za su ga keke biyu a bakin ƙofa, kada wanda ya taya na biyun. Ranar da ya je gidan Auta, har ya sa takalmi zai fita, ta kira shi daga cikin ɗaki ta ce, “Baba, keken nan kada ka ba kowa tukuna. Ka sa masa mai.”

An sa masa. Kujerar keken ma an goge.